Kwangilar Gyaran Hali: Yadda Birtaniya Ta Ba da Aikin da Ba Ta Iya Aunawa

A watan Fabrairun 2015 gwamnatin Birtaniya ta damƙa wa 'yan kwangila aikin sa ido kan mafi yawan masu laifin da ke zaman hukuncinsu a cikin gari a Ingila da Wales, wato waɗanda alƙali ya bari a waje bisa sharaɗi da waɗanda suka fito daga kurkuku da sauran wa'adi a kansu. Ministan shari'a na lokacin, Chris Grayling, ya rushe hukumomi 35 da ke wannan aiki, ya raba shi gida biyu. Masu laifin da ake ganin haɗarinsu ya yi yawa suka zauna a hannun gwamnati, sauran kuma aka rarraba su ga kamfanonin yanki 21 da ke ƙarƙashin 'yan kwangila takwas, ciki har da Sodexo da Interserve da Working Links. Ranar 26 ga Yunin 2021 aka mayar da aikin gaba ɗaya hannun gwamnati.

Har yau akwai masu cewa dabarar ba ta da laifi, sakaci wajen bibiyar kwangilolin ne ya kashe ta. Wannan uzuri yana da daɗin ji ga duk ministan da ke sha'awar sake gwadawa, saboda haka bai kamata a bar shi ya wuce ba.

An bibiyi kwangilolin. Akwai jami'an ma'aikata da aikinsu ke nan, akwai ma'aunai, akwai tarar kuɗi ga kamfanin da ya gaza cika su. Matsalar tana cikin abin da ake aunawa. Kwangila tana iya tambayar ko an rubuta tsarin gyaran halin mutum cikin kwanakin da aka ƙayyade, amma ba ta da hanyar sanin ko jami'in ya lura cewa mutumin ya koma shaye-shaye, ko ya koma gidan matar da ya taɓa duka. Asalin aikin kuwa yana nan, a zama da mutum ido da ido har a san lokacin da maganarsa ta fara sauyawa. Da aka ɗaura kuɗi a kan abin da ke ƙirguwa, sai kamfanoni suka bi ƙirge. A 2017 masu binciken aikin suka tarar ana sa ido kan dubban mutane ta hanyar buga musu waya sau ɗaya a mako shida. A shekarar kuma suka ce hidimar da ake yi wa fursunoni gab da fitarsu, ta neman masauki da aikin yi, da za a soke ta da wuya a ga bambanci, alhali kamfanonin suna cika yawancin sharuɗɗan da aka rubuta musu. A farkon 2019, a yankin Dorset da Devon da Cornwall da ke hannun Working Links, an samu ma'aikata suna kammala tsarin gyaran hali ba tare da sun ga mai laifin ba, don kada wa'adi ya wuce. A takarda aiki ya cika.

Tun ran gini tun ran zane. Raba masu laifi zuwa masu babban haɗari da masu ƙarami ya ginu a kan zaton cewa haɗari tabo ne da ke zaune wuri ɗaya. Mutumin da aka kama da sata a yau yana iya rasa ɗakin kwana a mako mai zuwa, ya zama wani abu dabam. A tsohon tsari jami'i ɗaya yake ganin wannan sauyi ya ɗauki mataki. A sabon kuwa sai an tura fayil daga kamfani zuwa hukuma, kowane ɓangare da nasa tsarin kwamfuta da nasa lissafi. A watan Maris na 2015 wani mutum da ke ƙarƙashin kulawar kamfanin Wales ya kashe matashi ɗan shekara 18, bayan ya ƙi halartar ganawa da dama da aka sa masa.

Batun biyan kuɗi gwargwadon sakamako, wanda aka yi ta tallata shirin da shi, ya fi komai ban takaici. An fara gwada shi a gidajen yarin Peterborough da Doncaster, amma ba a jira gwajin ya nuna ba aka shimfiɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya, ana sauri kafin zaɓen 2015. Sakamakon da ake magana a kai, wato ko mutum ya sake aikata laifi, ba ya bayyana sai bayan kusan shekara biyu, kuma ya dogara da samun gida da aiki da maganin shaye-shaye, abubuwan da ba kamfanin ke riƙe da su ba. Albashin ma'aikata kuwa kowane wata ake biya. Ma'aikatar ta yi lissafi cewa kashi 20 cikin ɗari ne kawai na kuɗin gudanar da kamfanonin ba ya raguwa in aiki ya ragu. Daga baya aka gano ya kai kashi 77. Da kotuna suka turo aiki ƙasa da yadda aka zata, kuɗin shiga ya faɗi, aka rage ma'aikata, waɗanda suka rage kaya ya yi musu yawa.

A nan ne maganar tara ta zama wasa. Gwamnatin da ke riƙe da bulala ita ce kuma ke tsoron kada wanda za ta daka ya faɗi, domin in kamfani ya durƙushe, dubban masu laifi ba za su jira a sake tallar kwangila ba. Sai ta koma tana ƙara wa kamfanonin kuɗi, tana sassauta sharuɗɗa. A 2018 minista David Gauke ya sanar da yanke kwangilolin kafin wa'adinsu. Duk da haka Working Links ya durƙushe a Fabrairun 2019, Interserve ya bi shi a Maris. A watan ne ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ƙiyasta cewa gyare-gyaren da yanke kwangilolin za su ci wa masu biyan haraji ƙarin aƙalla fam miliyan 467. Ya kuma nuna cewa ko da yake yawan masu sake laifi ya ɗan ragu, adadin laifuffukan da kowane mai sakewa ke aikatawa ya ƙaru da kashi 22 cikin ɗari. Babbar sufeton aikin, Glenys Stacey, ta yanke cewa tsarin ya lalace ta yadda ba ya gyaruwa.

Kuma ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. A 2013, daidai lokacin da ake tsara shirin, aka gano Serco da G4S sun yi shekaru suna karɓar kuɗin sa ido ta na'urar da ake ɗaura wa masu laifi a ƙafa a kan mutanen da wasunsu suka koma kurkuku, wasu suka bar ƙasar, wasu ma sun mutu. Kamfanonin biyu sun mayar da kusan fam miliyan 180. Ma'aikatar da ta kasa tabbatar da ko mai sanye da na'ura yana da rai, ita ce ta yarda za ta iya auna gyaruwar hali ta hanyar rahoton ɗan kwangila. Aikin na'urar ƙafar bai dawo hannun gwamnati tare da sauran ba a 2021, kuma tun 2024 Serco ne ke gudanar da shi.