Bayan An Gama Gashi, Ina Sauran Labarin?

Akwai wata ɗabi'a da muke da ita idan muka ɗora wa jaruma sankarar mama: ko dai mu kashe ta a shafi na arba'in don masu karatu su sha kuka a kwament, ko mu kai ta Indiya ta dawo garau kamar zazzaɓi ta yi. Matar da ta rayu amma jikinta bai koma yadda yake ba, ita ce ba mu cika rubutawa ba.

Mu ɗauki mace daga Saye ko Ɗanzabuwa a ƙasar Bici. An yi mata aiki, an yi mata gashi a Shika ko Sakkwato, an sallame ta. Bayan watanni, wani lokaci shekaru, sai fatar wurin ta yi tauri kamar ƙirgi, ƙirjin ya riƙa zogi, kafaɗa ta sage. Daka ya gagara, jan guga ya gagara, goyo ma sai an ɗora mata. Dalili shi ne hasken da ya ƙone dajin ya taɓa ƙananan hanyoyin jini na wurin, iskar oksijin ba ta isa naman yadda ya kamata, sai ya ƙanƙance ya taurare. A gida kuwa za a ce ai ta warke, raki ne kawai.

Don irin wannan rauni ake amfani da wata jinya da likitoci ke kira haifabarik. Mu dai a nan mu kira ta jinyar iska mai matsi, kafin masana harshe su raɗa mata suna. Ana shigar da mutum wani ɗaki na ƙarfe mai kama da tanki, a rufe, a ƙara matsin iska ya ninka na waje sau biyu zuwa biyu da rabi, kamar wanda ya nutse mita 10 zuwa 15 a ruwa. Yana ciki yana shaƙar oksijin tsantsa. Matsin ne ke sa oksijin ya narke sosai a cikin jini har ya kai inda da ba ya kaiwa, a hankali sababbin hanyoyin jini su tsiro. Zama ɗaya kan ɗauki kusan awa biyu, kwana biyar a mako, sau 30 zuwa 40.

To ga inda muke jin tsoron alƙalumanmu. Da zarar marubuci ya ji wannan bayani, sai ya ga ya samu mafita: a saka jaruma a tanki, ta fito tana daka. Binciken da aka yi bai ce haka ba. A wani gwaji da aka buga a shekarar 2010, masu bincike a Ingila sun gwada jinyar a kan matan da hannunsu ya kumbura bayan gashi, ba su ga ta amfana ba. A 2024 mujallar JAMA Oncology ta buga wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan. Da aka haɗa duk matan da aka yi wa tayin jinyar aka gwada su da waɗanda ba a yi wa ba, taurin nama ya ragu, amma ba a ga bambanci mai ƙarfi a zogi ba. Waɗanda suka daure suka kammala dai sun samu sauƙin duka biyun. Tana kuma da nata wahalhalun: ciwon kunne saboda matsi, gajiya, da dishi-dishin gani na ɗan lokaci. Ko man shafawa ba a shiga da shi, don wuta ba ta wasa da oksijin.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai a gwajin Holan shi ne, mace ɗaya ce kacal cikin huɗu ta karɓi tayin ta kammala. Yawancin sauran sun ce zirga-zirgar ta yi yawa. A Holan fa, ƙasar jirgin ƙasa da inshorar lafiya! Yanzu mu dawo Saye. Ko da cikin birnin Kano za ta riƙa zuwa, sai ta hau babur zuwa Bici, ta shiga mota, ta dawo da yamma, kullum, wata biyu cur. Wa zai riƙe yara? Wa zai biya kuɗin mota bayan an riga an sayar da akuyoyi, an jinginar da gona lokacin gashi? Idan damina ce, wane miji ne zai bar noma ya raka ta? A ganinmu wannan lissafin ya fi tankin zama labari.

Wani zai ce bayyana illar gashi zai ƙara tsorata mata, alhali dama ana cewa daji ba ya son allura. Wannan damuwa ce ta gaske. Shi ya sa dole labarin ya nuna cewa gashin yana rage yiwuwar dawowar cutar, kuma yawancin mata ba sa samun mummunan rauni. Ɓoye sauran ne ba mu yarda da shi ba, don macen da ba a gaya wa ba, ranar da wurin ya taurare za ta ɗauka dajin ne ya dawo ko jifa aka yi mata. Daga nan sai wanzami da ƙaho da tsaga, a kan fatar da ba ta warkewa da wuri.

Mu sa jarumar ta koma wurin likitan da ya yi mata gashi ya duba ya tabbatar ba dajin ba ne. Mu sa a koya mata motsa kafaɗa, ta tsaya jikin katangar ɗakinta kowace safiya tana tafiyar da yatsu sama, kishiya na leƙe tana mamaki, ita kuma tana sa alama da gawayi a inda hannun ya kai yau.