Hoton da Bai Nuna Gumi Ba

Wannan makon zan kai mu Birazil, shekara kusan ɗari huɗu baya.

A 1637 wani matashi mai zane ɗan ƙasar Holan, Frans Post, ya sauka a arewa maso gabashin Birazil cikin ayarin gwamna Johan Maurits. Turawan Holan sun ƙwace yankin daga hannun Fotugal ne saboda sukari. Aikin Post shi ne ya zana ƙasar don mutanen gida su gani.

Kuma fa ya iya. Sararin sama tarwai, kogi kwance, itatuwa kore shar, gidan matsar rake can nesa. Bayi baƙaƙen fata suna ciki, amma 'yan mitsi-mitsi, wasu da kaya a ka, wasu suna hira a bakin hanya kamar ranar kasuwa. Ba bulala, ba hannun da matsar rake ta cinye.

'Yan'uwanmu na Ghana, ku lura: a 1637 ɗin nan gwamnan ya tura jiragen ruwa daga Birazil suka karɓe Elmina daga Fotugal, don gonakin rake su riƙa samun bayi.

Post ya koma garinsu Haarlem a 1644, Holan ta rasa yankin a 1654, amma shekara da shekaru ya ci gaba da zana Birazil daga ɗakinsa. Masu saye na son ƙasa mai lumana, shi kuwa ya ba su abin da suke so. Wane ɗan kasuwa ne bai san jera mai kyau a saman kwando ba?

Ban ce laifinmu ɗaya da nasu ba, ko kusa. Amma mu ma muna tura hoto gida: gaban dogon bene a Akara ko Duwala, shadda na ƙyalli. Ɗakin da mutum shida ke kwana ba ya fitowa, haka bashin uban ɗaki da kayan da suka maƙale a boda. Ƙaninka ya gani, ya sayar da babur ɗinsa, ya kamo hanya.

Shawarata, in ka tura hoton, ka bi shi da saƙon murya: nawa ne haya, nawa ne kuɗin takardun zama, wata nawa ka yi kafin ka ga riba. In ya ji duk wannan ya ce zai zo, to bismilla.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.