RA'AYINMU: Yawon Sallah Zuwa Dandalin 'Yan Fim

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta ce za ta kashe Naira biliyan 3 ta gina dandalin shirya fina-finai a Kofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji ta Jihar Kano. Malamai suka yi tsaye a mumbarin Juma'a, ba a jima ba aka janye maganar. Alhamdu lillahi.

To amma kwaɗayin bai mutu ba. A Furfuri da kewaye akwai samarin da ke tara kuɗin ƙwadago tun farkon azumi, wai kashegarin Sallah su yi sammako zuwa Kano, su ga inda ake ɗaukar fim, su yi hoto da jarumai, su juyo da dare. Kwaikwayo ne na abin da ake yi a Universal Studios ta Amurka, inda mutum zai biya kuɗi a zagaya da shi cikin gidajen ƙarya.

Da dare fa! Ta hanyar Funtuwa zuwa Tsafe, wadda ɓarayin daji suka sha tarewa. Jarumin fim ba zai biya wa kowa kuɗin fansa ba. Gonar mahaifi za a sayar, mahaifin da aka tsallake ba a ko gama yi masa barka da Sallah ba.