Shekara nawa wasan kwaikwayo mai dogon zango zai iya yi a talabijin?

A watan Fabrairun 2025 ne aka ba da sanarwar cewa wasan kwaikwayon nan na ƙasar Ostireliya mai suna Neighbours zai tsaya a ƙarshen shekarar, bayan da kamfanin Amazon ya janye daga ɗaukar nauyinsa.

Wannan ne karo na uku da ake shafa wa wasan fatiha.

Tashar Seven da ta fara nuna shi a 1985 ta yi watsi da shi bayan 'yan watanni, sai tashar Ten ta ɗauke shi a 1986. A 2022 kuma ya tsaya saboda tashar Channel 5 ta Birtaniya, wadda ke biyan kaso mai yawa na kuɗin shirya shi, ta ce ta daina. Amazon ya farfaɗo da shi a 2023, amma ba a je ko'ina ba.

A duka lokutan uku babu inda marubutan wasan suka ce labari ya ƙare masu. Mai biyan kuɗi ne ke tashi. Wannan ya sake tayar da tsohuwar tambaya a tsakanin masu harkar talabijin, wato ko akwai iyakar da labari guda mai ci gaba ba zai iya wucewa ba.

Wasan sabulu

Wasan da ya fi kowanne ba da amsa shi ne Guiding Light na Amurka. Wata marubuciya mai suna Irna Phillips ce ta ƙirƙiro shi a rediyo a 1937, ya koma talabijin a tashar CBS a 1952, kuma bai tsaya ba sai a watan Satumbar 2009. Shekara 72 ke nan ana jan zare ɗaya, kuma a talabijin kaɗai an nuna kashi fiye da 15,000.

Kamfanin Procter & Gamble mai yin sabulu ne ya mallaki wasan. Daga irin wannan dangantaka ce Amurkawa suka laƙaba wa wasannin suna wasan sabulu, domin an shirya su ne don matan aure da ke gida da rana su kalla, a kuma tallata masu sabulun wanki a tsakani.

Muddin waɗannan mata na zaune a gaban akwatin talabijin, wasan na da rai. Da mata da yawa suka fara fita aiki, tashoshi kuma suka yawaita, sai masu kallo suka riƙa zarewa, masu talla suka bi su.

Wasan da ake nunawa sau biyar a mako yana buƙatar kashi wajen 250 a shekara, da 'yan wasa masu yawa da ake biya albashi, da marubuta da ba su hutawa. A 2008 masu Guiding Light sun koma ɗaukar hoto da ƙananan kyamarori na hannu a wani ƙaramin gari na jihar New Jersey domin rage kashe kuɗi. Hakan bai hana CBS soke shi ba, ta maye gurbinsa da shirin gasa, wanda ya fi arha nesa ba kusa ba.

Shekara guda bayan nan As the World Turns ya bi sahu, bayan shekara 54. A 2011 tashar ABC ta soke wasu guda biyu a rana ɗaya. Daga wasanni 19 da manyan tashoshin Amurka ke nunawa da rana a wajajen 1970, zuwa 2012 huɗu kacal suka rage.

Unguwa ba ta ƙarewa

To amma me ya sa labarin kansa bai gaji ba a tsawon waɗannan shekaru?

Amsar tana cikin yadda aka gina shi. Wasan Coronation Street na Birtaniya, wanda aka fara a ranar 9 ga Disambar 1960, kashi 13 kawai aka nemi a yi da farko. Ya cika kashi 10,000 a 2020. Ba a ɗora shi a kan wani jarumi ko wani sirri da ake jiran a tona ba. An ɗora shi ne a kan layi guda a wata unguwar talakawa, da gidajensa da shagunansa. Wani ya mutu, wani ya tare; yaran da aka haifa a cikin wasan su girma, su yi aure, su haifi nasu rigingimun.

A kowane lokaci kuma akwai labarai uku ko huɗu da ke tafiya tare. Kafin ɗaya ya kai ƙarshe an riga an kunna wani, ta yadda babu ranar da mai kallo zai ce to, an gama, bari in tashi.

Wannan tsari ne ya ba William Roache damar fitowa a matsayin Ken Barlow tun daga kashin farko, ya shiga yana saurayi ɗan jami'a, ya haura shekara 90 da haihuwa yana cikin wasan.

Labarin da aka gina a kan tambaya ɗaya kuwa ba ya da wannan gata. A wasan Lost, wanda aka fara a 2004, jirgin sama ne ya faɗi a wani tsibiri, kuma abin da ya riƙe masu kallo shi ne son sanin mene ne tsibirin, da kuma ko mutanen za su fita. Irin wannan tambaya bashi ce a kan marubuci, kuma kowane zango da aka ƙara ba tare da amsa ba, haƙurin mai bin bashin raguwa yake yi.

Masu shirya wasan sun fahimci haka. A watan Mayun 2007 suka cimma yarjejeniya da tashar ABC cewa za a kammala a 2010, abin da ba a saba gani ba a lokacin ga wasan da ke kawo kuɗi. Zango shida ya yi. Breaking Bad ya tsaya a kashi 62, Game of Thrones a kashi 73, kuma ko a hakan masu kallo da dama sun yi ƙorafi a kan yadda aka rufe na biyun a 2019.

Ana iya cewa irin wannan labari da wuya ya wuce shekara biyar zuwa takwas ba tare da ya fara tafiyar hawainiya ba.

Ɗan wasa mutum ne

Bayan kuɗi, babbar barazana ita ce 'yan wasan kansu. Suna tsufa, suna rasuwa, suna neman ƙarin albashi, wasu kuma su gaji.

Abin da ya faru da wasan Dallas ya zama abin misali. A 1985 Patrick Duffy ya bar wasan, sai aka kashe Bobby Ewing da yake fitowa a matsayinsa. Da aka ga kasuwa na neman faɗuwa, aka lallashe shi ya dawo a 1986, aka shaida wa masu kallo cewa duk abin da suka gani a zangon da ya gabata mafarki ne tsohuwar matarsa ta yi. Mutanen da suka shekara suna jimami ba su ji daɗin wannan ba, ko da yake wasan ya ci gaba har 1991.

A Indiya ma an yi makamancin haka a wasan Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi, inda aka kashe Mihir a 2001, masu kallo suka yi ca, aka dawo da shi da rai. Sai dai dabarar da Indiyawa suka fi ƙwarewa a kanta ita ce tsallake shekaru: a wayi gari an ce shekara 15 ko 20 sun wuce, a kawo sababbin fuskoki a matsayin 'ya'ya da jikoki. Da haka Yeh Rishta Kya Kehlata Hai, wanda aka fara a 2009, ya haura kashi 4,000.

A Afirka ta Kudu kuwa, a 2014 an kori 'yan wasa 16 na shirin Generations lokaci guda bayan sun shiga yajin aiki kan albashi. Shirin ya ɗan ɓace, sannan ya dawo a watan Disamba da sunan Generations: The Legacy, an tura labarin gaba da shekara 20.

Akwai kuma ƙasashen da tun farko suka zaɓi kada su shiga wannan matsala. A Brazil da Meziko ana rubuta wasan ne da niyyar ya ƙare cikin watanni, a ɗaura auren da za a ɗaura, a hukunta mugu, a fara wani sabo. A Masar da Siriya an saba yanka labari kashi 30 daidai da kwanakin azumin Ramadan.

A ƙasar Hausa, inda wasanni masu dogon zango suka karɓe kasuwa bayan durƙushewar cinikin faifan bidiyo, ana iya ganin tsarin biyu gefe da gefe. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 gari ne guda da malaminsa da 'yan kasuwarsa da zaurawansa, don haka yana iya sauya mutane ba tare da ya girgiza ba, kamar dai Coronation Street.

Labarina na Aminu Saira kuwa ya taso ne a kan rayuwar yarinya ɗaya, Sumayya. Da Nafisa Abdullahi ta fita, sai aka ba Fati Washa matsayin, daga bisani kuma aka rufe wannan labari baki ɗaya, aka buɗe wani da sababbin 'yan wasa a ƙarƙashin tsohon sunan.

Ga masu zuba wasanninsu a YouTube, hukuncin ya fi saurin zuwa, domin adadin waɗanda suka kalli kashin wannan mako yana nan a fili kowa na gani, kuma da shi ake lissafin ko za a iya biyan kuɗin ɗaukar na gaba.

A Amurka dai General Hospital, wanda aka fara a 1963, ya wuce shekara 60, yayin da Days of Our Lives ya bar tashar NBC a 2022 ya koma manhajar Peacock ta intanet. A watan Fabrairun 2025 kuma, watan da aka sanar da tsayar da Neighbours, tashar CBS ta ƙaddamar da Beyond the Gates, sabon wasan rana na farko da wata babbar tashar ƙasar ta fara tun 1999.