Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin Boɗinga da Shagari

Masu girma shugabanni,

Ƙorafina a kan azuzuwa ne da ɗakunan shan magani da ake ginawa tun daga Sifawa har Kajiji. Fasalinsu kusan ɗaya ne: siririn bulon siminti, kwano a sama, silin kuwa sai an dace. A Afrilu da Mayu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40 ko a inuwa. Kwano ya sha rana tun hantsi, ya dinga sako zafin a kan yara, bulon kuma ba shi da kaurin da zai tare na gefe. Kafin azahar aji ya koma tanda, malam ya kwashi ɗalibai zuwa gindin darbejiya. To, me aka biya ɗan kwangila ya gina?

Maginanmu na dauri sun san abin da muka yi watsi da shi. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafi, ta riƙe shi sa'o'i da dama, ba ya isa ciki sai rana ta yi sanyi. Shi ya sa soro ke da daɗin zama da tsakar rana. Gaskiya ne ginin ƙasa yana son yaɓe bayan damina, gara kuma ba ta raga wa itacen rufi. Amma waɗannan suna da magani.

A ƙauyen Gando na Burkina Faso, mai zanen gine-gine Francis Kéré ya kammala makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa da aka haɗa da siminti kaɗan. Ya yi silin na tubali, sannan ya ɗaga kwanon sama da shi, iska na ratsawa tsakani tana kwashe zafin. Kwanon ya zarce bango sosai, yana kare shi daga rana da ruwa. A 2022 Kéré ya karɓi kyautar Pritzker, mafi daraja a harkar zanen gini. Bazarar Gando ba ta fi tamu sauƙi da wani abin kirki ba.

Roƙona, ranku ya daɗe, ku zauna da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a sa maganar zafi cikin takardar kwangila. Dogayen bangayen aji su fuskanci kudu da arewa, domin ranar yamma ce ta fi gasa gini, kuma juya ginin tun a ranar awo ba ya cin ko kwabo. Tagogi su kalli juna, a bar kafofi can sama, tunda iska mai zafi sama take tashi. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an ga silin da baranda, an kuma dasa itatuwa ta yamma.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi. Ku gayyato masananta, a gina aji ɗaya a wannan fasali kusa da na kwano zalla, a auna zafin kowanne da ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu, a kawo muku sakamakon kafin kasafin baɗi.

Wassalam.