Ka Biya Kuɗin Jirgin Ruwa, Ka Dawo Da Hoton Wani

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ga ɗan gwaji da ba zai cinye maka data ba. Shiga Instagram ko TikTok ka nemo hotunan waɗanda suka je hutu a manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Kafin ka gangara sau goma za ka gane hoto uku ne kacal ake ta juyawa, fuskoki kawai ke canzawa. Na farko, an jingina da ƙarfen baranda an juya baya ana kallon teku, wai ana tunani. Na biyu, kofin lemo a hannu, rana tana faɗuwa a bayansa. Na uku kuwa an ware hannuwa kamar za a tashi sama, irin tsayuwar Leonardo DiCaprio da Kate Winslet a fim ɗin Titanic. Fim ɗin nan fa tun 1997 ya fito. Yawancin masu wannan tsayuwa ko haihuwarsu ba a yi ba a lokacin, amma har yau ita ce gayu.

Na san me za ka ce: ni da kuɗin data ma sai na yi lissafi, ina ni ina jirgin alfarma? Gaskiyarka. Sai dai abin ya matso kusa fiye da da. Tun Disambar 2024 jirgin Aroya na Saudiyya ya fara ɗaukar mutane daga Jidda yana zagawa da su Bahar Maliya. A Dubai ana hawa lokacin sanyi, daga Durban ta Afirka ta Kudu ma ana tashi zuwa gaɓar Mozambik. Ko ba ka hau bana ba, wani cikin waɗanda kake bi zai hau, kuma daga hotonsa za ka koyi abin da ake kira kece raini. Shi ya sa nake so mu yi maganar tun kafin ƙafarka ta taka jirgin.

A watan Oktoban 2019, a cikin jirgin Allure of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wata mata ta hau kan ƙarfen barandar ɗakinta ta miƙe tsaye, ta ɗaga hannuwa sama, abokin tafiyarta yana taimaka mata a ɗauki hoto. Ƙarƙashinta babu komai sai teku. Wani fasinja ya hango ta daga nasa ɓangaren, ya ɗauke ta a waya, ya nuna wa ma'aikata. Da jirgi ya isa Falmouth a Jamaika aka sauke su su biyun, kamfanin kuma ya haramta musu hawa jiragensa har abada. Ta ci sa'a ma, da ƙafarta ta sauka.

Ka san abin da ya fi tsaya mini a labarin nan? Hoton da ya zaga duniya ba nata ba ne. Ita ta sa ranta a kan siraɗi don a gan ta, amma wanda ya samu hoton shi ne mutumin da ya tsaya lafiya lau a barandarsa yana kallon abin da ke faruwa. Ita tana neman a kalle ta, shi yana kallo. Wallahi duk maganar ɗaukar hoto a nan ta tattara.

Kada ka ɗauka tsautsayin mace ɗaya ne. Wasu likitoci a Indiya sun bi diddigin rahotannin jaridu, suka wallafa a 2018 cewa daga Oktoban 2011 zuwa Nuwamban 2017 mutum 259 ne suka mutu a duniya wajen ɗaukar selfi. Abin da ya fi kashe su nutsewa a ruwa ne. Matsakaicin shekarunsu bai wuce 23 ba, kuma kusan kashi uku cikin huɗu maza ne. Wato kai da abokanka ke nan, malam, masu cewa "ai na iya ruwa". Iya ruwan rafin garinku daban ne. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024 tsawonsa ya kai kusan mita 365, hawa 20 gare shi. Irin waɗannan jiragen suna tafiyar kusan kilomita 40 a awa, kuma ba su da birki kamar mota. Kafin a lura babu kai, a sanar da kyaftin, a juyo da wannan dutsen na ƙarfe, kanka ya zama ɗan ɗigo a cikin igiyar ruwa, in ma da rana ne. Dokar Amurka ta 2010 ta wajabta wa jiragen da ke ɗaukar fasinja a tashoshinta kada ƙarfen kariyarsu ya gaza inci 42, sama da mita ɗaya kaɗan. Ma'ana, mai tsaye da ƙafa biyu a ƙasa da wuya ya faɗa. Sai an hau, ko an zauna a kai, ko an ɗora kujera an leƙa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Abin haushin ma, duk wannan kasadar don hoton da mutum miliyan suka riga ka ɗauka ne. Shi kansa goshin jirgin da ake tsayuwar Titanic, a jirage da yawa ba a barin fasinja su je, wurin aikin ma'aikata ne da injinan anga. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa, manyan kamfanonin ba su yarda a tayar da shi a cikin jirgi ba. To in an rufe maka duk waɗannan ƙofofin, me ya rage? Ni a ganina sai a lokacin ne ma aikin ya fara daɗi.

Ka tashi sallar Asuba kada ka koma barci. Wannan ita ce babbar dabara, kuma kyauta ce. Jirgi mai mutum dubbai da wannan lokacin kamar kai kaɗai ka yi hayarsa. Masu rawar dare suna ta munshari, kujerun bakin wurin ninƙaya an jera su reras babu kowa, ma'aikata suna wanke daɓe da mesa, ruwan da suka zuba ya zama madubi, sama gaba ɗaya ta kwanta a ƙasa. Ka durƙusa ka kawo wayar dab da ruwan nan ka ga abin da zai fito. Kuma ka lura, a jirgi rana ba ta da gurbi ɗaya. Yadda alƙibla take sauya maka in jirgi ya karkata, haka haske. Inda rana ta fito maka jiya ba lallai nan za ta fito yau ba, sai ka duba inda aka dosa.

Ni kaina na sha kunya a safiyar farko da na hau irin wannan jirgi. Na fito da gudu daga ɗaki mai sanyin ƙanƙara zuwa iska mai ɗumi da laima, na ɗaga waya, komai ya zama fari fat kamar hazon hunturu. Gilashin kyamarar ne ya yi gumi. Ina gogewa yana dawowa, har rana ta ɗaga ta rasa jan nan nata. Maganinsa kawai ka fito da wuri, ka ba wayar minti goma zuwa sha biyar ta saba da iskar waje. Ka riƙa yawo da ɗan ƙyalle mai laushi kuma, don gishirin teku yana sauka a gilashi ba ka sani ba, sai ka ga fitilu duk sun yi jela a hoto. Sannan ka sa wa wayar igiyar hannu. Wadda ta suɓuce a nan ta tafi da lambobinka da hotunan bikin yayarka gaba ɗaya.

Abu na gaba ƙarami ne amma shi ke tona asirin ɗan koyo: layin da sama ta haɗu da ruwa. Teku ba ya gangare. In layin ya karkace, hoton sai ya zama kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe. Kunna layukan nan na raba allo gida tara a saitin kyamara, ka daidaita. Kada kuma ka jingina wayar a kan ƙarfen jirgi wai don ta tsaya cak, injin yana kaɗa ƙarfen a hankali, hoton dare zai fito da dishi-dishi. Riƙe ta da hannu biyu, ka matse gwiwar hannu a jikinka. Zuƙo abu daga nesa da yatsu biyu ma yawanci ɓata hoto yake yi. In za ka iya matsawa da ƙafa, matsa.

Faɗuwar rana kuwa, kowa zai ruga gefe ɗaya ya ɗaga waya. Ɗauki naka guda, taɓa allo ka rage hasken don jan ya fito. Daga nan juya wa ranar baya. Mutum ɗari suna tsaye a jere, haske ruwan zinariya ya wanke musu fuska, kowa ya manta da kansa: tsoho riƙe da hannun matarsa, yaro a wuyan babansa yana hamma. Ranar da ta faɗi gobe ma za ta faɗi. Wannan jerin fuskokin ba zai sake haɗuwa ba.

Akwai abubuwan da jirgi kaɗai ke da su, kuma kusan ba wanda ke kallonsu. Je can baya ka ga farar kumfar da yake bari, hanya miƙaƙƙiya da take ɓacewa tun kana kallonta. Shiga dogon lungun ɗakunan kwana, ƙofofi ɗaruruwa iri ɗaya har su haɗe a ɗigo guda, ka jira mutum ɗaya ya ɓullo can ƙarshe. Kwale-kwalen ceto masu ruwan lemu a rataye a gefen jirgi, shuɗin teku a bayansu, ba sa buƙatar filta. Tagar nan mai zagaye, ka mai da ita firam, ka jira wani jirgin ya gifta ta tsakiya. Amma wanda na fi so shi ne na tasha. In an ɗaure jirgi, duba manyan igiyoyin da suka riƙe shi. Za ka ga wani ƙarfe mai zagaye a jikinsu, sak faifan da ake rufe ƙwarya. Don ɓera aka sa shi, kada ya biyo igiya ya hau. Katafaren jirgi mai hawa goma sha, yana tsoron ɓera. Ɗora wannan ka rubuta layi ɗaya a ƙasa, ka ga ko ba za a fi tsayawa a kansa ba fiye da kofin lemonka.

Yanzu maganar mutane, don a nan ne wasunmu suke zubar da mutunci. Icon of the Seas yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ma'aikatansa kusan 2,350. A irin waɗannan jiragen ma'aikata da yawa 'yan Filifins ne da Indonesiya da Indiya, sukan yi wata shida ko fiye a kan ruwa, babu hutun ƙarshen mako, iyalansu sai dai ta waya. Su ne ran jirgin, kuma hannun mai naɗe tawul ya mai da shi giwa ya fi tulin abincin da kowa ke ɗauka labari. Amma ka gaishe shi, ka tambaye shi, in ya ce a'a ka haƙura. Yana bakin aiki ne, ba lallai ya iya yi maka musu ba, don haka ka karanci fuskarsa. Kada ka mai da shi abin tausayi don ka tara laik, ka sa masa kiɗa mai sa kuka a ƙasa. Bai roƙe ka ba. Jerin fuskokin nan na faɗuwar rana ma, in ka matso kusa da mutum ɗaya har ana gane shi, nuna masa kafin ka ɗora.

Bakin wurin ninƙaya kuma, ke 'yar'uwa da kike bidiyon wankanki, duba bayanki. Akwai matar wani da kayan wanka, akwai 'ya'yan mutane. Ba su san fuskarsu za ta isa wayoyin mutum dubu hamsin a wata nahiyar ba, balle abin da za a rubuta a kwament. Mu ne fa muke tayar da jijiyar wuya in an ɗauki ƙanwarmu a wurin biki ba da saninta ba.

Wani zai ce, haba malam, kuɗina ne, wayata ce, in na ga dama in ware hannu mene ne naka? Babu. Ware abinka. Ka sha wahala ka tara, ka yi ɗinki, ka ɗau wanka, dole Hajiya a gida ta ga ɗanta a tsakiyar teku ta yi ta nuna wa maƙwabta. Wannan hoton haƙƙinta ne, ɗauke shi tun ranar farko, ƙafa biyu a ƙasa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙare kwana biyar ana maimaita shi da riga daban-daban, a dawo gida ba a san launin ruwan da aka ratsa ba. Kuma ba sai ka ɗora nan take ba. Layin waya a tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, tsadarsa sai ta sa ka zazzaɓi. Danna alamar jirgin sama a wayar, ka bari sai an sauka ka zauna ka tace. Hoto biyar masu kyau sun fi ɗari.

Daren da za ku shiga sabuwar tasha, tambayi ma'aikatan teburin karɓar baƙi ƙarfe nawa za a iso, ka fito awa ɗaya ko biyu kafin nan. A manyan tashoshi, kyaftin ba ya shigar da jirgi shi kaɗai, sai wani matuƙi ɗan gari da ya san mashigar ya zo ya hau. Ƙaramin jirginsa zai taho cikin duhun asuba yana tsalle a kan ruwa, ya manne da gefen naku alhali duka biyun suna tafiya, mutumin ya kamo tsanin igiya ya haye. Minti ɗaya ne ko biyu. Nemi gefen da zai ɓullo, tsaya a bayan ƙarfe, goge gilashin, ka jira.