Kwamfuta Mai Riga Malam Masallaci

Manhajar Excel tana da wata ɗabi'a: da zarar mutum ya buga haruffan farko na kalma, sai ta ƙarasa masa da abin da aka riga aka rubuta a jerin. Ga ɗalibin da ke shigar da bayanan ɗaruruwan sauro, wannan sauƙi ne. Amma idan ya riga ya rubuta Anopheles gambiae, sannan ya zo kan sauron da bai tantance jinsinsa ba, ya buga Anopheles kawai ya wuce gaba, manhajar za ta liƙa masa gambiae. Nan take sauron da ba a san ko wanne ne ba ya shiga lissafin manyan masu yaɗa zazzaɓi, ba tare da wata alama ba.

Masana ƙwayoyin gado sun ɗanɗana wannan karambani ta wata fuskar, domin Excel kan mayar da sunan SEPT2 ya koma 2 ga Satumba. Wani binciken 2016 ya sami irin wannan kuskure a kusan kashi 20 cikin 100 na maƙalolin da aka haɗa da irin waɗannan jerin sunaye. Daga baya sai da aka sauya sunayen, SEPT1 ya zama SEPTIN1. Abin takaici, ilimi ne ya kauce wa na'ura hanya.

Wajibi ne ɗakunan gwaje-gwaje su kashe wannan ciko kafin a fara aiki, a ware gurbin sunaye a matsayin rubutu zalla, sannan a tanadi jerin zaɓi wanda ya haɗa da "ba a tantance ba".